Tsohuwa Mai Ran Ƙarfe

Wanda Ya ba mu ita Shi ne Ya karɓi abarsa, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu a ɗakinta a unguwar Mayo, kudu da Khartum, da hantsi, fuskarta na duban gabas. Ba harsashi ba ne, ba ɓaraguzan gini ba. Ciwon sukari ne da rashin magani. A irin wannan zamani har barka ake yi wa dangin wanda ya mutu a kan gadonsa.

Da lafiya ake, da sai an tare titi da rumfa saboda ita. Ba a kafa rumfa ba. Masu ta'aziyya sun riƙa shigowa ta ramukan da aka fasa a jikin katangu daga gida zuwa gida, domin titi ba na bi ba ne. Mutum ya shigo a sunkuye, ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ɗan zauna kunnensa na waje, ya koma ta inda ya fito.

Tsohon mahaucin layin, wanda ya yi shekaru yana gasa agashe, tsiren ƙasar nan, a bakin kasuwa, ya zauna a kan tabarma ya ce, "Shi ke nan, Mayo ta yi shiru. Yanzu wa zai zage ni da safe?" Aka ɗan yi dariya, shi kuwa ya rufe fuska da rawaninsa. Wata mata daga Duwatsun Nuba, wadda ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji, ta tsaya a ƙofar ɗakin tana ta faɗa da Larabci cewa miyar 'ya'yanta ta mutu. Maƙwabciyar Yaya mai sayar da shayi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta je ta buɗe tukunyar da ke bayan ɗaki, ta ga gurguzu a rufe yana ruɓa, ta ce, "Ku duba min matar nan. Ta san za ta tafi, ta bar mana aiki."

Da na samu zuwa shagon da ake biya a yi waya, na kira ɗana na fari a Jidda. Ba na kiran sunansa, wannan kaɗai ce al'adar da ban yar ba. Yaya ce ta goya shi. Ya daɗe yana kuka, sannan ya ce min da Larabci, don ba shi da wani harshe, "Baba, yanzu babu abin da ya riƙe yarinyar. Ka fito min da ita."

Yarinyar da yake nufi 'yarsa ce, jikata, budurwa mai shekara goma sha bakwai. Tun da yaƙin nan ya tashi take tare da mu a Mayo, uwarta da ƙannenta sun riga sun kai Bur Sudan. An sha samun mota, ta sha ƙin shiga saboda Yaya. Ba zan iya ba da labarin Yaya ban ba da nata ba.

Mahaifinmu ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar aikin hajji. A Damagaram ya auri mahaifiyarmu, suka ci gaba tare. An haifi Yaya a kan hanya, ni kuwa, auta, a gonakin auduga na Jazira, inda suka tsaya neman guzuri. Kowace shekara mahaifinmu yakan ce baɗi za a ƙetare teku, har aka binne shi a gefen magudanar ruwa. Yaya ta gaji wannan magana kamar yadda ake gadon gona. In an tambaye ta ina ne garinsu, sai ta ce, "Muna kan hanya." Tana faɗa tana budurwa, tana faɗa haƙoranta sun zube. Duk Mayo Hajja ake ce mata, ba ta taɓa ganin teku ba. Na sha cewa zan sa mata siminti a ɗaki, sai ta ce, "Auta, wa ka gani yana shafe masauki?"

Sana'arta daddawa ce. A nan babu ɗorawa, saboda haka da gurguzu take yi, wato 'ya'yan yakuwa. Ta dafa shi har ya yi laushi, ta rufe shi a tukunya ya kwana ya sake kwana har warinsa ya kai layi na uku, ta daka shi da ruwan toka, ta sake rufewa, sannan ta mulmula ta shanya a kan rumfa. Ba ta ɗanɗanawa, da hanci take sanin ya yi. Hannunta, zanenta, har kuɗin da take ba ka canji, duk warin suke yi. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka yaye ɗana na fari sai na kai mata shi riƙo, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Akwai ranar da muka je tare neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ni na riga na shirya. Da ma'aikacin ya tambayi asalin ubana, na ambaci wani ƙauye na bakin kogi da wata ƙabila da ba tamu ba, na kawo shaidu biyu da suka ci abincina. Da aka zo kan Yaya sai ta gyara zama ta ce, "Ubana Bakatsine ne, uwata 'yar Damagaram, ni kuma an haife ni a gindin wata tsamiya tsakanin Nyala da Ubayyid." Mutumin ya ajiye alƙalami ya ce ta tafi sai an neme ta. Ta ce masa, "To ita tsamiyar ba 'yar Sudan ba ce?" Ba a neme ta ba har ta mutu. Ni kuwa na samu aiki a wata masana'anta a Bahri, na sayi fili a Omdurman, ƙetaren kogi, na yi gini da jan bulo. A gidan nan na kafa doka biyu: ba a Hausa, ba a daddawa. Duka biyun suna tona mutum.

Da yaron ya isa shiga makaranta na je Mayo ɗauko shi. Na same ta tana daka, shi yana gefe yana waƙa da Hausa tsantsa.

Ta ce, "Auta, makaranta ce ta kawo ka ko kunya?"

Na ce, "Yaya, yaron nan in ya buɗe baki an san shi."

"To a san shi mana. Sata ya yi?"

Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Da na rasa abin faɗa sai na ce, "Ke ba ki haifa ba, ba ki san abin da uba yake ji ba."

Ta jingine taɓarya. Ta shiga ɗaki ta ƙulle masa tufafinsa, ta sa masa daddawa a cikin ƙullin, ta miƙo min ba ta dube ni ba. A tashar Suk al-Arabi, kafin mu canja mota, na zare daddawar na jefa a kwata. Ba mu daina gaisawa ba, nakan je mata da Salla, amma ba ta taɓa taka gidana ba. In na yi mata tayi sai ta ce, "Gada ba ta ɗaukar marar takarda."

Haka yaron ya girma, Hausar ta bushe a bakinsa. Ya yi aure, ya haifi yarinyar nan, ya tafi Jidda neman abinci ya bar iyalinsa a gidana. Yarinya ta tashi tana cin kisra, wainar dawa ta mutanen nan, tana ce min Jiddo, wato kaka namiji da Larabci, ba ta san akwai wani abu a ƙarƙashin wannan ba. Tana shekara goma sha uku suka yi faɗa da wata a makaranta, waccan ta ce mata Fallatiyya, sunan da ake kiran duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma, kuma ba da daɗi ake faɗarsa ba. Ta dawo ta tambaye ni. Na ce shirmen yara ne. Ta tambayi ubanta a waya. Shi ya fi ni gaskiya, ya ce, "Ki je Mayo ki tambayi wadda ta goya ni."

Abin da ya faru ranar da ta je, daga bakin mai shayi na ji shi, na kuma ji daga bakin yarinyar. Wata Juma'a ce. Ta shiga gidan da takalmi, a tsaye ta miƙa hannu, ta ce, "Habboba," yadda ake kiran kaka da Larabci. Yaya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta gane ta tun kafin ta faɗi ko ita wace ce, don fuskar ubanta ce. Sai ta ce mata da Larabci, don ta ji da kyau, "Habboba sai a Omdurman. Nan Kaka ce. Wa ya aiko min wannan tsinken? Ba ku da abinci a can? Dubi ƙafa kamar ta zalɓe. Ke kam ko kyauta aka ba da ke sai an haɗa da akuya."

Yarinya ta tsaya kamar an mare ta. Ta ɗauki jakarta ta fita tana kuka. A bakin ƙofa mai shayi ta cafke hannunta, tana dariya har tana riƙe ciki.

"Ina za ki?"

"Ta tsane ni. Ko zama ba ta ce in yi ba."

"Wayyo 'yar Omdurman! Da ta yi miki fara'a ta shimfiɗa miki sabuwar tabarma, to baƙuwa ce ke. Tsakanin kaka da jika wasa ne. Da ta zage ki, ta karɓe ki. Koma ki rama."

"In zagi tsohuwa?"

"In ba ki rama ba kin ƙi ta."

A nan bakin ƙofa ta koya mata Hausarta ta farko. Yarinya ta koma, hawaye bai bushe ba, ta tsaya a gaban Yaya ta ce da karkataccen harshe, "Tsohuwa mai ran ƙarfe." Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta jawo ta ta zaunar a cinya, ƙatuwar yarinya, ta sa aka kawo tuwo da miyar kuka.

Daga ranar kowace Juma'a tana Mayo, in an yi hutu kuwa sai an aika. Ta koyi cire takalmi da durƙusawa. Ta koyi rufe gurguzu, ta ɓata tukunya ta farko don ta cika leƙawa, Yaya ta yi wata guda tana yi mata gori. Yaya takan zaunar da ita ta jero mata garuruwan da iyayenmu suka ratsa, inda jaki ya mutu, inda aka binne wata ƙanwarmu da ban taɓa jin labarinta ba. In yarinya ta karkace kalma, sai Yaya ta ce, "Wannan Hausa ce ko ciwon haƙori?" Ita kuma ta ce, "Ke har yanzu ba ki mutu kin bar mana ɗakin ba?" Mutanen layi har tsayawa suke yi su saurara.

Takan dawo Omdurman tana warin daddawa, ni kuma in ce ta shiga wanka kafin maƙwabta su shigo. Wata safiya ta zo ta durƙusa a gabana ta ce, "Ina kwana." Rabon da a gaishe ni haka a gidan nan tun rasuwar matata, ita ma a ɓoye take yi. Na amsa mata da Larabci. Ta miƙe ta fita.

A cikin azumi, jarrabawarta ta ƙarato, ta tafi Mayo ta ƙi dawowa. Na ƙetare gada da yamma don in ɗauko ta. Yaya ta ce ba a fita gidanta da azumi a baki, muka sha ruwa, dare ya yi, na ce to da safe. Da safe muka ji abin da duk Khartum ta ji, yaƙi ya ɓarke. Aka rufe gada. Ni da na yi shekara arba'in ina gudun Mayo, sai ga ni a cikinta da riga ɗaya da carbi.

Ba zan tsawaita kan zaman da muka yi ba, duk wanda ya zauna ya sani. Wuta ta tafi. Ruwa sai a kan amalanken jaki, in mai jakin ya yi ƙarfin hali. Abu ya faɗo daga sama a kasuwa, a kwashe mutane a ci gaba da ciniki, don ciki ba ya jira. Labari ya zo min cewa an fasa gidana na Omdurman an kwashe har ƙyauren taga. Duniyarmu ta koma tsakar gida ɗaya da rumfa ɗaya. Ina kwana a ƙarƙashin daddawa, ina tashi a ƙarƙashinta, da Hausa nake roƙon ruwan alwala, don Yaya ta ce kunnenta ya daina jin Larabcina.

Da mutanen unguwa suka kafa takiyya, inda ake dafa tukunya ɗaya a raba wa kowa, Yaya ta fito da duk abin da ta tara: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Mai shayi ta ce ta rage wani abu don kanta. Ta ce, "In rage in kai ina? Can ba a miya." Wake da ruwa ne kawai a tukunyar nan, daddawarta ce take mai da shi abinci.

Tsorona duka a kan yarinyar yake. Masu bindiga suna shiga gidaje, kuma ba kaya kaɗai suke nema ba. Rannan da azahar muka ji su a gidan da ke bayanmu. Yaya, da kumburarrun ƙafafunta, ta ja yarinyar zuwa ɗakin tukwane, ta lulluɓe ta da tsohon buhu, ta buɗe duk tukwanen da ke ruɓa, ta zauna a bakin ƙofa tana tari. Biyu suka shigo. Ɗaya ya doshi ɗakin, ya toshe hanci ya ja da baya yana tambaya ko gawa ce a ciki. Yaya ta ce, "Abincin talakawa ne, ɗana. In zuba maka?" Suka ɗauki rediyo da bargona suka fita. Ni dai ina tsaye a gefe.

Tun daga ranar Yaya ta ƙudura sai yarinyar ta tafi. Akwai motocin da ke fita ta kudu, su zagaya ta Kosti, amma a hanya shinge ne bayan shinge, ana duba takarda, ana duba fuska, ana tambayar ƙabila. Yaya ba takarda, ba ƙafa. Yarinya ta ce inda Kaka take nan take. Ubanta ya yi faɗa a waya, ni na yi lallashi, duk a banza.

Sai Yaya ta ɗauki wata hanya. Wata safiya yarinyar ta kawo mata kunu, ta ture kwanon. Ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ke, na gaji da ganinki. Ba jinina ba ce ke. Ubanki ma riƙo na yi, aka ƙwace. Tashi ki koma wurin Larabawanki, ki bar ni in mutu da sarari."

Yarinya kuwa ta fashe da dariya. Ta ce, "Yau tsohuwa da ƙarfinta ta tashi. Sai na ga bayanki, ɗakin nan nawa ne."

"Ba wasa nake yi ba!"

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Sha kununki, kar ki mutu da yunwa a ce ni ce."

Yaya ta rarrafa ta jawo jakar yarinyar ta wurga tsakar gida. Yarinya ta ɗauka ta kaɗe ƙura, ta yi matashi da ita a ƙarƙashin rumfa. Haka aka yi ta yi. Duk abin da Yaya ta lalubo mai zafi, yarinya ta mayar mata da wanda ya fi shi, tana murna, a ganinta Kaka ta samu sauƙi. Rannan yarinyar ta tafi kai tukunya takiyya, na shiga ɗaki na tarar da Yaya ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Auta, na koya mata wasa, yanzu na rasa bakin da zan yi mata gaske."

Na zauna a bakin gadon. Na fara kawo zancen ranar da na ɗauke yaron da maganar da na faɗa mata. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

Ta ce, "Bar tone-tone, numfashina ba shi da yawa. Kai ka yi ƙarya ka ciyar da 'ya'ya, ni na yi gaskiya na zauna da tukwane. Kowa ya ɗanɗana nasa. Buhun dawar da ake ajiye min a ƙofa duk azumi, ka ɗauka ban san hannun da ya aiko ba? Na ci ƙaryarka, Auta, har na yi ƙiba." Sai ta ƙara da cewa, "Ka ɗauke min ɗaya, Allah Ya aiko min da wadda ta fi shi baki."

Na ga ranta ya yi sanyi, sai na roƙe ta abu ɗaya. Na ce in ranar tafiya ta zo, ta gaya wa yarinyar nan, in an tambaye ta ƙabila a shinge ta faɗi wadda muke faɗa a Omdurman, kar ta kuskura ta ce Bahaushiya. Cikin ɓangarori biyun da ke yaƙin, waɗannan za su ce baƙuwa ce ta shigo daga yamma tare da abokan gabansu, waɗancan su ce 'yar leƙen asiri ce. Maganata ba za ta ji ba, ta Yaya za ta ji.

Da yarinyar ta dawo, Yaya ta kira ta. Wannan karon ba ta zage ta ba, shi ya sa yarinyar ta tsorata ta durƙusa.

Yaya ta ce, "Na koya miki ko ke wace ce. Ban koya miki wauta ba. In kin hau hanya aka tambaye ki, ki fara duban mai tambayar."

"Sannan in ce me?"

"Bakinki ne."

"Ke da aka tambaye ki ai kin faɗa."

"Ni mai tambayata alƙalami ne a hannunsa, ba bindiga ba."

Daga ni har yarinyar babu wanda ya samu abin da yake so. Yaya ta rufe ido ta ce a bar ta ta huta, mun cika mata kunne.

Bayan wannan ba ta ƙara tashi sosai ba. Maganin ya daɗe da ƙarewa, ƙafar ta yi baƙi. Ranar ƙarshe yarinyar tana ɗiga mata ruwa da cokali tana cewa, "Tsohuwa, ina ƙarfen?" Leɓen Yaya ya motsa. Na sa kunne ina tsammanin kalmar shahada ce, sai na ji ta ce, "Mummuna." Bayan haka ta yi shahadar.

Mai shayi da yarinyar ne suka yi mata wanka. Maƙabarta ba ta zuwuwa, saboda haka ni da mahauci da wasu dattawa biyu muka haƙa a tsakar gida, gefen rumfa. Muka sallace ta a gurguje, muka rufe.

Bayan addu'ar bakwai aka samu mota. 'Yar mai shayi za ta fita da mijinta da 'ya'yanta, suka ce za su riƙe yarinyar har hannun uwarta. Ni ba zan iya wannan zagaye da ƙafafuna ba, kuma ba a barin sabon kabari a gida babu kowa. Yarinyar ba ta yi gardamar tafiya ba. Gardamar da muka yi a kan abu ɗaya ce.

Na ce, "In an tambaye ki, kin san abin da za ki ce."

Ta ce, "Na sani. Bahaushiya ce ni, 'yar Mayo."

"Za ki kashe kanki a kan kalma?"

"Jiddo, kai ka rayu a kan ɗayar. Ya ka ji?"

Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta dube ni, tsoho ne ni, na binne Yaya, ba zan iya jin an sauke ta daga mota ba. Ta zare hannun a hankali, ta je ta tsuguna a gefen kabarin ta daɗe, sannan ta ɗauki jakarta. Har motar ta tashi ba ta yi min alkawari ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Kullum ina shagon waya, in zauna a layi, in kira uwarta, ta ce shiru. Mahauci yakan zo ya zauna da ni. Duk motar da aka ce an tsare a hanya, sai in ga kamar ita ce a ciki tana ɗaga kai tana ba da amsa.

Ranar da wayar ta shiga, muryarta na fara ji. Ta ce sun isa, tana wurin uwarta, ƙafafunta sun kumbura amma lafiya. Na yi hamdala har mai shagon ya juyo. Sannan na tambaye ta shingayen.

Ta ce, "Jiddo, babu wanda ya tambaye ni."

Ta ce a wani shinge an tambayi wani saurayi da ke kujerar gabanta, ya amsa, aka sauke shi, motar ta tafi ba shi. Ita an dubi takardarta an miƙo mata, ko fuskarta ba a kalla ba.

Na ce, "Da an tambaye ki fa?"

Sai na ji tana kuka.

"Ban sani ba. Duk hanya ina riƙe da amsata, in mun doshi shinge sai in ji ta narke a bakina. Wallahi ban sani ba, Jiddo." Ta ja numfashi ta ce, "Kar ka gaya wa Kaka."

Na ce ba zan gaya mata ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mata, Ya sanyaya ƙasar da muka rufe ta da ita, Ya haɗa ta da iyayenmu a inda babu mai tambayar takarda. Wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, in ya taɓa cin miyar da daddawarta ta shiga, ko bai taɓa ba, ina roƙonsa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Yarinyar nan kuma, Allah Ya raya ta, Ya kai ta ranar da za a tambaye ta ko ita wace ce, ta amsa a zaune, hankalinta kwance.